DARASI: GYARAN SALANSA DA YOYO A TSOHON INJIN JIRGIN RUWA

'Yan'uwa manoma, mu da muke zaune a bakin Kogin Binuwai, wajen Numan da Lau da Ibi, ko a bakin Tafkin Kainji wajen Yawuri, mun san jirgin katako shi ne motarmu. Da shi muke kai shinkafa da masara kasuwa, da shi muke haye da mara lafiya. Yawancin injunan da ake ɗaurawa a bayan jiragen nan tsofaffi ne, irin su Yamaha mai ƙarfin doki 40, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai. Tsohon inji ba ya mutuwa farat ɗaya. Yakan nuna alama tukuna. A wannan darasi za mu koyi gane alamun yoyo, da yadda za mu gyara tun kuɗin gyaran bai fi ƙarfin ƙungiya ba.

YADDA HAYAƘI DA RUWA SUKE TAFIYA

Salansar injin jirgi ba kamar ta babur ba ce, ba a ganinta a waje. Hayaƙi yana fitowa daga silinda, ya gangara ta cikin ƙafar inji, ya fita ta tsakiyar farfela a ƙarƙashin ruwa. Ruwan kogi kuwa hawa yake yi. Akwai 'yar fankar roba a ƙafar inji wadda take tura shi sama, ya zaga silinda ya sanyaya ta. Kaɗan daga cikinsa yakan tsarto ta ɗan rami a gefe, domin direba ya ga shaida.

A jikin inji akwai murfin salansa, faranti biyu na alminiyam, na ciki da na waje. Hayaƙi mai zafi yana gefe ɗaya, ruwa yana gefe ɗaya. Abin da ya raba su shi ne farantin ciki da gaskit, wanda kaurinsa bai fi na kwali ba. In gaskit ya ƙone, ko faranti ya lanƙwashe saboda zafi, sai ruwa ya shiga inda wuta take.

ALAMU HUƊU

1. Inji yana tari, ba shi da ƙarfi. Mu kwance fulogi mu duba. In akwai ɗigon ruwa ko tsatsa a kansa, ko kuwa ɗaya ya yi fes kamar an wanke shi alhali ɗan'uwansa yana da baƙi, ruwa yana shiga silinda ke nan. Laifin gaskit na murfin salansa ne, ko na kan silinda.

2. Inji yana shaƙewa in hularsa tana rufe, amma in an cire ta sai ya warware. Wannan hayaƙi ne yake yoyo a cikin hula, inji yana shaƙar hayaƙin kansa maimakon iska. Sau da yawa gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da ƙafarsa ne ya fashe. Za mu ga baƙin kunkunniya a inda yake fita.

3. Ruwan shaida ya ragu ko ya tsaya. Mu kashe inji nan take. Mu duba ko leda ko ciyawa ta toshe mashigar ruwa, mu tsokane ramin da siririyar waya. In bai dawo ba, fankar roba ta cinye.

4. Man giya ya zama fari kamar nono. Ruwa ya shiga gidan giya.

GYARAN MURFIN SALANSA

Mu yi wannan aiki a tudu, a kan tabarma ko buhu, kada ƙananan kaya su ɓace cikin yashi. Mu bar inji ya huce, mu cire tiyon fetur da wayoyin fulogi.

Wahalar aikin duka tana wajen kwance notuna. Su na ƙarfe ne, jikin inji kuwa alminiyam ne, in sun daɗe tare sukan kama juna. Wanda ya sa ƙarfi zai karya noti a ciki, aikin yini ɗaya ya koma na mako. Sai mu ɗiga musu kananzir ko man kwance tsatsa su kwana. Da safe mu ɗan bubbuga kan kowane, mu juya da sifana daidai bakinsa, gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya saki. Mu zana siffar murfin a kwali, mu soke kowane noti a gurbinsa, gama wani lokaci tsawonsu ba ɗaya ba ne.

In faranti sun fita, mu kankare tsohon gaskit da tsinken katako ko roba mai tauri. Kada mu sa wuƙa, domin zane ɗaya a jikin alminiyam hanyar ruwa ce. Mu share yashi daga hanyoyin ruwa, mu kankare gawayin da ya daskare a hanyar hayaƙi. Sa'an nan mu ɗora farantin ciki a kan gilashi. In yana rawa, ya lanƙwashe, sai sabo. Mu ɗaga shi wajen rana kuma, ko akwai ƙananan huji.

Mu sa sababbin gaskit duka biyu, na ainihi, masu lambar injinmu. Kwalin sukari da tsohon tiyub ba su jure wannan zafi. Wajen ɗaurewa mu fara daga notunan tsakiya, mu yi waje, wannan gefe sa'an nan wancan, a zagaye biyu ko uku. Kada mu danne da ƙarfi, zaren alminiyam ba ya da wuyar cinyewa.

In ruwa ya riga ya shiga silinda, kada inji ya kwana da shi. Mu cire fulogi, mu ja igiya sau da yawa ruwan ya fita, mu ɗiga baƙin mai a ciki. Boris ɗin ciki suna saurin yin tsatsa, kuma su ne masu tsada. Gaskit na kan silinda da na ƙarƙashin kan inji kuwa, gara a kai wa makaniken da ya saba.

FANKAR ROBA DA MAN GIYA

Yawancin ƙonewar gaskit daga zafi take, zafi kuma daga fankar roba. Yashin Binuwai yana cinye ta da sauri, musamman da rani in ruwa ya janye. Mu duba ta kowace shekara. In fikafikanta sun tsage ko sun sandare, mu sake ta. Kada mu taɓa tayar da inji a tudu ba ruwa, ko na minti ɗaya. In za mu gwada, mu tsoma ƙafarsa cikin duro cike da ruwa.

In man giya ya yi fari, mu cire farfela. Sau da yawa za mu tarar zaren nailan na masunta ya naɗe a sandar, ya yanke robar da take tare ruwa. A sake robar. Sabon man giya mai lamba 90 ta ramin ƙasa ake ɗura shi, har ya fito ta na sama. A toshe na sama tukuna, sa'an nan na ƙasa.

Mu kiyaye gaurayen mai kuma. Yawancin irin waɗannan injuna suna son kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur, wato rabin lita cikin lita 25. Mu bi abin da littafin injinmu ya ce. In mai ya yi yawa, gawayi ya toshe salansa. In ya yi kaɗan, fistin ya kama.

ABIN DA YA SHAFI RAI

Cikin hayaƙin fetur akwai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana sa ciwon kai da jiri da barci, tana kuma kisa. In jirginmu yana da rumfar tamfol, mu bar gaba da baya a buɗe. Kada yara su zauna dab da inji.

Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a gindin jirgi. Tiyon da ya tsattsage a sake shi, kada a ɗaure da leda. Ba shan taba kusa da tanki.

Jikin jirgi ma yana yoyo. Da rani mu ja shi tudu, mu soki katako da ƙusa. Inda ƙusa ta shige da sauƙi, ya ruɓe, sai sakewa. Tsaga kuwa a cusa mata auduga ko tsumma, a bi da kwalta. Mu lura ƙwarai da katakon baya inda inji yake rataye, gama shi yake shan jijjiga. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ya tsage a Kogin Kwara kusa da Wara, cikin Jihar Kebbi, mutane da yawa suka hallaka. Hukuma ta ce jirgin tsoho ne, an kuma yi masa lodi fiye da kima.

Saboda haka kowace ƙungiya ta ware wani abu daga kuɗin fito domin gyara. A ajiye gaskit da fankar roba da fulogi a akwatin ƙungiya. A gama gyara kafin ruwa ya cika a watan Agusta.

TAMBAYOYI DOMIN TARONMU

1. Yaushe aka duba fankar roba da man giya na injinmu?
2. Wa yake da ikon tsayar da jirgi in ya ga alamar yoyo, ko da ranar kasuwa ce?
3. Nawa za mu riƙa warewa daga kowane fito, wa zai riƙe littafin?
4. Waɗanne matasa biyu za mu tura su koyi wannan aiki wurin makanike?