Salansar Wani Babur a Jikin Wani: Ta Shiga, Amma Ta Dace?

Darasin kimiyya na wannan makon daga gareji muka ɗauko shi, domin da wuya a sami gida a Anka, Gummi ko Bukkuyum da babu babur a zaurensa. Da shi ake kai hatsi kasuwa, da shi ake kai mara lafiya asibiti, wasunmu ma a kansa ake sauke su ƙofar makaranta kowace safiya. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke saurin mutuwa a jikinsa kuwa ita ce salansa. Tana ƙasa, ruwan damina yana dukanta, duwatsun hanya irin ta Bagega suna bugunta, tsatsa kuma tana cinta ta ciki. Ran da ta huje, sabuwa ta yi tsada, sai mai babur ya nufi wurin 'yan gwangwan ya ɗauko ta wani mashin daban, mai walda ya ɗan lanƙwasa nan ya ƙara ƙarfe can, a ɗaure noti. Ta shiga. Tambayarmu ita ce ko ta dace.

Yawancinmu muna ɗauka aikin salansa rage ƙara ne kawai. Wannan rabin aikinta ne. Inji numfashi yake yi kamar mutum: ya shaƙi iska da fetur ta kafireta, ya ƙone su, ya fitar da hayaƙi. Idan hayaƙin bai fita yadda ya kamata ba, sabuwar iska ba ta samun wurin zama. Shi ya sa masu ƙera babur suke auna faɗin bututun da tsawonsa daidai da girman injin.

Sai dai injuna iri biyu ne a kan hanyoyinmu, kuma a nan ne babban kuskure yake faruwa. Bajaj Boxer da Honda CG125 masu bugu huɗu ne: shaƙa, matsewa, ƙonewa, fitarwa. Suna da bawul da ke buɗewa da rufewa a kan lokaci. Tsohuwar Jincheng AX100, wadda aka ƙera bisa tsarin Suzuki AX100, mai bugu biyu ce, ita ce wadda ake zuba wa man tu-ti, take fitar da shuɗin hayaƙi. Ba ta da irin wannan bawul. Ƙofofi ne a jikin silinda, fistin ne yake rufe su yana buɗe su da jikinsa, kuma akwai ɗan lokacin da ƙofar shiga da ta fita suke buɗe tare. A wannan lokacin sabon fetur yana iya bin hayaƙi ya gudu waje ba tare da ya ƙone ba. Abin da ke rage wannan asarar shi ne siffar salansar. Hayaƙi yana fitowa da ƙarfi kamar igiyar ruwa, ya bugi inda bututun ya tsuke, wani ɓangare na ƙarfin ya dawo baya ya tura fetur ɗin da ya fara gudu ya koma cikin silinda kafin fistin ya rufe ƙofa. Ku tuna yadda murya take dawowa idan aka yi kira cikin rijiya.

Wannan ilimi yana da tarihi mai daɗin ji. Wani injiniya mai suna Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ne ya ƙware a kansa a shekarun 1950, har ƙananan baburansa suka riƙa ja da manyan kamfanoni a tsere. A 1961 matuƙinsa Ernst Degner ya tsere zuwa Yamma, ya koma Suzuki da abin da ya sani, kuma a 1962 ya ci gasar duniya ta ajin 50cc. Wato siffar bututun hayaƙi ta taɓa zama sirrin da ake gudu da shi daga ƙasa zuwa ƙasa. Mu kuwa sai mu yanke ta da zarto a gindin bishiya.

To, idan aka ɗaura salansar Boxer a kan Jincheng, ƙarfin nan ba ya dawowa a kan lokaci. Babur zai tashi, zai yi tafiya, amma zai sha mai ya kasa hawa tudu da kaya. Ga kuma man tu-ti da ke taruwa ya zama baƙin dauɗa ya toshe salansar da ba a yi ta don shi ba. Idan aka juya, aka sa ta Jincheng a kan Boxer, sauƙin ɓarnar kaɗan ne, ba gyara aka yi ba.

Ko tsakanin masu bugu huɗun ma akwai lissafi. 'Yan ajin lissafi su ɗauki biro. A ce bututun asali yana da faɗin milimita 22 ta ciki, aka musanya shi da mai 28. A ido bambancin milimita 6 ne kawai. Amma filin da'ira shi ne 22/7 sau rabin faɗi sau rabin faɗi. Na farko ya ba mu kusan 380, na biyu 616. Hanyar hayaƙi ta ƙaru da fiye da kashi 60 cikin ɗari. Hayaƙin ƙaramin inji a cikin babban bututu gudunsa raguwa yake yi, kamar ruwan Gulbin Zamfara inda ya baje a kan yashi, sai babur ya rasa ƙarfin tashi daga tsaye. Bututun da ya matse fiye da kima kuma yana shaƙe injin, ya tara masa zafi.

Akwai wani abin da ba a gani. Fetur yana ƙonewa sosai ne idan aka haɗa kashi 1 nasa da kusan kashi 14.7 na iska, a ma'aunin nauyi, kuma an saita kafireta ne tare da salansar asali. Da an canza salansa, musamman idan an fasa cikinta, wannan haɗin yana iya gocewa, iska ta yi yawa fetur ya yi kaɗan. Injin sai ya riƙa zafi fiye da kima, ya riƙa tas-tas idan an saki totur, a kwana a tashi bawul ya ƙone ko fistin ya lalace. Kuɗin da aka tsere wa biya a salansa, ninkinsa za a biya a sauke inji. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: bayan tafiya, a bar injin ya huce, a kwance fulogi a duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. Fari fat, fetur ya yi kaɗan. Baƙi da toka, ya yi yawa.

Yanzu ga maganar da muka fi so samarinmu su ji. Wasu ba don tsada suke canza salansa ba, don ƙara suke yi, su huda ta ko su cire abin da ke cikinta don unguwa ta san sun wuce. A wani gari wannan fitina ce kawai. A nan yankinmu, inda mutane suka sha kwana da kunne a buɗe, inda a 2021 gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare saboda rashin tsaro, babur mai tas-tas bayan isha'i yana iya sa uwa ta suri ɗanta ta yi daji. Ba burgewa ba ce. Kunnen matuƙin ma bai tsira ba: ƙarar da ta kai desibel 85 tana cutar da ji idan aka wuce awa 8 a cikinta, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu. Ɗan kabu-kabu kuwa wuni yake a kai.

Idan dole ta sa sai an musanya, a nemi ta irin injin, mai girma ɗaya. A duba bakinta ya zauna daram a kan silinda da sabon fakin, domin inda ya yi yoyo nan hayaƙi zai riƙa fita. Cikin hayaƙin akwai kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda jini yake kamawa fiye da yadda yake kama iskar shaƙa sau 200 da wani abu. Kada a bar babur yana aiki a rufaffen zaure ko shago, ko da salansarsa sabuwa ce. A tabbatar ba ta taɓa birkin ƙafa ko tayar baya ba, kuma a rataye ta a maƙalarta ta baya, don idan nauyinta ya koma kan notin silinda kaɗai, gargadar hanyar Daki Takwas zuwa ƙauye za ta karya su.

Murfin ƙarfen da ke gefenta ma a mayar da shi. Shi ake fara yarwa idan ramukan noti ba su yi daidai ba, alhali shi ne tsakanin zafin bututu da ƙafar wanda aka goya, galibi mace ko yaro. Ku duba ƙwaurin 'yan ajinku, za ku ga masu tabon. Idan hakan ta faru, a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin na tsawon minti 20, kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko baƙin mai, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti.

Aikin gida: wanda ke da babur a gidansu ya auna faɗin bakin salansar da rula, bayan ta huce, ya rubuta sunan babur ɗin da abin da ya samu, ya jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu lissafa filin kowanne mu manna a nan mako mai zuwa.