Ji da Faɗa: Koya wa Matasa Sauraro da Isar da Magana a Kudancin Kano

Gabatarwa

Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma kuwa kunne ba ya jin abin da baki ya ƙi faɗa. Wannan takarda za ta duba yadda tarbiyyar gidan Bahaushe take horar da yaro wajen ji, da inda ta gaza masa wajen faɗa, da kuma abin da wannan giɓi yake jawowa a sha'anin reno da zaman iyali.

An ɗauki misali daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Dalili kuwa shi ne, ƙasar noma ce wadda manyanta ba su cika zama ba. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 a ƙasar Bebeji, ta ƙara noman rani da kamun kifi a kan aikin damina, ga kuma cin kasuwa a wurare irin su Kwanar Dangora. Saboda haka sau da yawa yarinya 'yar shekara 13 ko 14 ita ke wuni da goyon ƙanenta. A ƙauyukan da ke tsakanin duwatsun Riruwai da dajin Falgore kuwa, inda asibiti ke da nisa, abin da wannan yarinya ta lura da shi, da lokacin da ta faɗa, yana iya zama shi ne ceton jaririn.

Ma'anar "ji"

Kalmar "ji" tana ɗauke da ma'ana huɗu a ƙalla. Akwai jin sauti, kamar a ce ya ji kira. Akwai fahimta, kamar a ce yana jin Hausa. Akwai biyayya, watau jin magana. Sa'an nan akwai abin da ke taɓa jiki ko zuciya, kamar jin zafi da jin tausayi. Idan aka yabi yaro da cewa yana ji, ma'ana ta uku ake nufi. To, a nan matsalar take, domin yaro yana iya sunkuyar da kai ya ce "to" alhali bai fahimci kome ba. Sauraron da ake bukata a gidan aure shi ne wanda ya haɗa ma'anonin nan huɗu gaba ɗaya.

Kunya da iyakarta

A 1974 A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa halaye goma da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su, ciki har da kunya da ladabi da haƙuri da hankali. Kunya ita ke hana yaro haɗa ido da babba, ita ke hana amarya ambaton sunan miji, ita ce kuma ke sa uwa ta yi kara ga ɗanta na fari. Baba, mutuniyar Karo, wadda ta zauna a Zarewa ta ƙasar Rogo, yamma da Kiru, ta yi wa Mary Smith bayanin waɗannan al'adu tsakanin 1949 da 1950. Labarinta ya fito da Turanci a 1954, da Hausa kuma a 1991.

Babu shakka kunya ado ce, kuma tana tsare mutuncin gida. Illarta tana bayyana ne a lokacin da shiru ya zama haɗari. Alal misali, mai reno ta ga jariri ya yi gudawa sau biyar tun hantsi, maɗigarsa ta faɗa, amma ta ji tsoron kada a ce ita ta ba shi wani abu, sai ta yi gum har magariba. Ko kuma amarya mai cikin fari ta ga ƙafafunta sun kumbura, kanta na ciwo, ta kasa faɗa wa uwar miji. Duka biyun suna jin magana, abin da ba a koya musu ba shi ne yadda za su buɗe baki ba tare da sun keta ladabi ba.

Ƙofofin da al'ada ta buɗe

Al'adar da ta sa kunya ita ce kuma ta tanadi hanyoyin ratsa ta. Ta farko ita ce aike. Binciken da Enid Schildkrout ta yi a birnin Kano cikin shekarun 1970 ya nuna cewa yara su ne ƙafa da bakin matan kulle, su ke kai saƙo, su yi cefane, su kawo labari. Yaron da aka aika dole ya saurara, ya riƙe, ya isar, ya komo da amsa. Ta biyu ita ce tatsuniya, inda mai bayarwa ba ya ci gaba sai an amsa masa da "ta zo mu ji ta". Ta uku ita ce wasan da ke tsakanin kaka da jika, wanda ke ba yaro damar faɗa wa kakarsa abin da ba zai iya faɗa wa uwarsa ba. Haka nan gwaggo da ƙawa da uwar ɗaki sukan kai kukan amarya inda bakinta ba zai isa ba.

Yadda za a tsara darasi

Malamin da zai koyar da matasa ya kamata ya ɗora darasinsa a kan waɗannan ƙofofi, mataki-mataki.

Na farko, wasan aike. A ba ɗalibi saƙo mai gaɓa uku, ya maimaita shi da bakinsa kafin ya tashi, ya tambayi abin da ya shige masa duhu. Da haka tambaya za ta daina zama rashin kunya.

Na biyu, rahoton reno. A koya wa ɗalibai amsa tambaya uku: me aka gani, tun yaushe, sau nawa? "Ba shi da lafiya" bai isa ba. "Ya ƙi nono tun asuba, ya yi amai sau uku, jikinsa da zafi" shi ne bayanin da zai sa a haɗa ruwan gishiri da sukari, a kuma nemi abin hawa zuwa asibiti.

Na uku, mabuɗin magana. A horar da su a kan kalmomi irin su "Inna, don Allah ina da magana" ko "Baba, a gafarce ni, ga abin da na gani." Idan bakin ya yi nauyi, su san wa za su tura.

Na huɗu, sauraron wanda bai iya magana ba. Kukan yunwa daban yake da kukan ciwo, kuma jaririn da ake amsa wa gwarancinsa ya fi saurin buɗe baki. Tsarin kula da ƙananan yara da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2018 ya sa wannan amsawa cikin ginshiƙansa biyar.

Kada a ware samari, domin mijin da bai iya sauraro ba shi ke rufe bakin matarsa. Wurin koyarwa kuwa akwai shi: darasin Hausa a sakandare, da makarantun Islamiyya, da zaman koyon dabarun rayuwa na shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, Kano na cikin jihohi bakwai da suka fara.

Kammalawa

An ga cewa gidan Bahaushe ya ƙware wajen horar da kunne, ya kuma bar ƙofofin da za a bi a horar da baki. Abin da ya rage shi ne manya su ma su karɓi darasin. Yarinyar da ta kawo rahoto aka daka mata tsawa ba za ta sake kawowa ba, wadda kuwa aka ce mata "madalla da kika faɗa" ita ce gobe za ta saurari nata ɗan.