Jiya Da Yau Da Gobe A Turanci

Wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu zai tarad da unguwanni kamar su Makera da Kakuri da Barnawa. A wannan gefen ne tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta ke, inda hanyar Fatakwal ta haɗu da wadda ta taso daga Ikko zuwa Kano. A Kakuri kuma aka buɗe babbar masaƙar Kaduna cikin 1957. Jirgi da masaƙa suka jawo mutane daga ko'ina, kowa da harshensa. Da Hausa a kan yi ciniki, amma sanarwa da takardar neman aiki da Turanci a kan rubuta su. Saboda haka ya wajaba yaro ya san yadda Turanci ke bambanta jiya da yau da gobe.

Ku dubi Hausa tukuna. Mu kan ce ya zo, yana zuwa, zai zo. 'Yar kalmar da ke gaba, watau ya ko yana ko zai, ita ke faɗa mana lokaci. Turanci ba haka ya ke ba. Sau da yawa kalmar aikin ce kanta ke sāke kama. A nan ne yara su kan yi tuntuɓe.

Ga misali daga kogi. In ana nufin abin da ke faruwa kullum, sai a ce "The river flows into the Niger", watau kogin ya kan malala cikin Kwara. Ku lura da s da ke ƙarshen flows. A kan sa ta in mai aikin ɗaya ne, kamar he ko she ko it. In kuwa ana cikin yin abin yanzu, sai a ce "The boy is crossing the bridge", yaron yana ƙetare gada.

Abin da ya wuce, yawanci ed ko d a kan ƙara. "The mill opened in 1957", an buɗe masaƙar cikin 1957. "It closed in 2002", an rufe ta cikin 2002. Amma akwai waɗansu kalmomi masu taurin kai, ba su bin wannan ƙa'ida. Go ta kan zama went, come ta zama came, buy ta zama bought, leave ta zama left. Waɗannan ba su da wata dabara sai hadda.

Abin da ke tafe shi ya fi sauƙi, domin ya yi kama da Hausa. Will ita ce tamkar za. "He will come", zai zo.

Kada a ɗauki wannan abin wasa. A ce a zamanin da tashar nan ke cike da matafiya, wata tsohuwa ta yanki tikitin Kano, ta aiki jikanta ya dubo mata labarin jirgi. Ya ga an rubuta a allo, "The train will leave today." Shi kuwa bai rarrabe will leave da left ba. Ya sheƙo gida ya ce, "Kaka, jirgi ya tashi." Tsohuwa ta kwance kayanta. Da la'asar sai suka jiwo kukan jirgi yana barin tasha. Ga hasarar kuɗi, ga hasarar tafiya, duk saboda kalma ɗaya.

Maganin wannan shi ne yawan gwadawa. Kowane yaro ya sami littafin rubutu, ya raba shafi uku: jiya, yau, gobe. Kullum ya ɗauki kalmar aiki ɗaya, ya ƙulla magana uku da ita a kan abin da ya gani a unguwarsu, sa'an nan ya karanta wa abokinsa da ƙarfi. In ya kuskure, kada ya ji kunya, malami zai gyara masa. Kalma ɗaya kullum ba ta da nauyi, amma cikin wata ɗaya ta zama talatin. Yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya.

Tambayoyi
1. A wace unguwa aka buɗe masaƙar Kaduna, cikin wace shekara?
2. Mene ne bambancin left da will leave?
3. Ku mai da wannan zuwa jiya, sa'an nan zuwa gobe: "She buys cloth at Kakuri."
4. Ku faɗi da Turanci: Ya zo. Yana zuwa. Zai zo.