Ƙugiyar Harafi a Bakin Leza: Darasi kan Yankan Haruffan Hausa da Na'ura

Gabatarwa

Ɗalibin kimiyyar harshe ya saba ganin harafi a kwance a kan takarda. Ba kasafai yake tunanin harafi a matsayin abu mai kauri da nauyi, wanda yaro zai ɗauka ya juya, ya jera kusa da ɗan'uwansa ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, buƙatar kayan koyar da karatu ta ƙara fitowa fili. Wannan darasi zai duba yadda masu sha'awar ƙere-ƙere ke zana abu a kwamfuta su yanke shi da hasken leza, da kuma tambayoyin da aikin ke jefa wa masanin harshe idan abin yankan haruffan Hausa ne.

Yadda na'urar take aiki

A 1960 Theodore Maiman ya haɗa leza ta farko a Amurka. A 1964 kuma Kumar Patel ya samar da leza mai aiki da iskar kabon, irin wadda aka fi amfani da ita yau wajen yankan katako da kwali da fata. Na'urar tana tattara haske ta wani gilashi zuwa ɗigo ƙanƙane, sai zafin ɗigon ya ƙone abin da ya taɓa. Mai aiki yana daidaita abu biyu: ƙarfin hasken da saurin tafiyarsa. Ƙarfi da yawa da tafiya a hankali su ke ratsa katako. Ƙarfi kaɗan da sauri kuwa sai dai su bar zane a fuskarsa.

Na'urar ba ta karanta harafi, layi take bi. Saboda haka ana shirya zanen da manhaja irin Inkscape, wadda kyauta ce, a adana shi a tsarin SVG ko DXF. Kafin a aika rubutu ga na'ura, dole a umarci manhajar ta mayar da kowane harafi layin da ya kewaye shi. Gargaɗi ɗaya ya wajaba: ba a yanka robar PVC da leza, domin tana fitar da iska mai guba.

Matsala ta farko: harafin da ya ɓace

Ƙa'idar rubutun Hausa da aka tabbatar a Nijar a 1999 ta tanadi haruffa huɗu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A Nijeriya ana rubuta na ƙarshen da 'y. Dukkansu suna da gurbi a tsarin Unicode, amma ba kowane salon rubutu na kwamfuta ne ya ƙunshe su ba. Karo na farko da na kai zanena wani ɗakin ƙere-ƙere, ban mayar da rubutun layi ba. Kwamfutar wurin ba ta da salon da na zaɓa, sai ta aro ƙ da ɗ daga wani salo dabam. Suka fito sirara a tsakanin ƴan'uwansu masu kauri, na yi asarar katako guda. Salon Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara domin masu koyon karatu, yana da haruffan huɗu manya da ƙanana, haka ma Charis.

Matsala ta biyu: ƙugiyar da ta karye

Hasken yana cinye wajen milimita 0.1 zuwa 0.2 a duk inda ya bi. Wannan ba kome ba ne a jikin babban harafi, amma ƙugiya siririya ce, kuma ita ce ke fara karyewa a hannun yaro. A nan ne ilimin tsarin sauti ke da magana. Ƙugiyar ba ado ba ce, ita ce ke rarrabe sauti da sauti. Idan ta ɓalle, *ƙafa* ta koma *kafa*, *ɓari* ya koma *bari*, *ɗaiɗai* ya koma *daidai*. Malamin da ya ci gaba da koyarwa da karyayyen harafi yana shuka kuskuren da za a daɗe ana girba. Maganin shi ne a kaurara ƙugiyar tun a zane, a kuma yi amfani da katako mai falle-falle a manne, wanda bai cika tsagewa ba.

Matsala ta uku: gaba da baya

Harafin takarda ba ya juyuwa, na katako kuwa yana juyuwa. Idan aka kifa b sai ya zama d. Idan aka juya n ƙasa sai ya zama u. Abin lura shi ne, kifaffen ɓ ba ya zama ɗ, domin ƙugiyar ɓ tana lanƙwasa ta kan cikinsa, ta ɗ kuwa tana ba cikinsa baya. Yaron da ya kifa ɓ zai samu siffar da babu ita a Hausa. Don haka a shafa wa fuskar kowane harafi launi, wasula launinsu dabam, baƙaƙe nasu dabam.

Mai son hudajjen allo, wanda ake ɗorawa a bango a shafa fenti, yana da wata damuwar. Haruffa masu rufaffen ciki, wato a, b, ɓ, d, ɗ, e, g da o, cikinsu faɗuwa yake yi da zarar hasken ya gama kewaye shi. Sai an bar ƴar gada da za ta riƙe shi, amma kada gadar ta faɗa a gindin ƙugiya, don kada ta yi kama da wata alama mai zaman kanta.

Matsala ta huɗu: sauti ɗaya, haruffa biyu

Shin *sh* da *ts* da *ky* da *ƙw* guda ɗaya za a yanka su ko biyu? Na'ura ba ta da amsa, masanin harshe ke da ita. Tun da kowannensu sauti ɗaya yake wakilta, ra'ayina shi ne a zana su a kan ɗan allo guda. Ta haka yaron da zai haɗa *tsa-tsa* zai ɗauki abu biyu a kowace gaɓa, baƙi da wasali, daidai da abin da kunnensa ya ji.

Sunan na'urar

Ƙirar kalma ta Hausa tana samar da sunan kayan aiki da ɗafa-goshin *ma-* da ɗafa-ƙeyar *-i*, kamar *mabuɗi* da *magirbi*. Bisa wannan, *mayankin leza* ya dace. Sai dai a kula: *mayanka* sunan wuri ne, kuma tuni mahauta suka riga mu kama shi. Wasali ɗaya tak ya raba ɗakin ƙere-ƙere da inda ake fiɗar dabbobi.

Kammalawa

Duk shawarar da aka yanke a sama, daga kaurin ƙugiya zuwa haɗa *ts* a allo guda, ta dogara ne ga sanin harshe kafin sanin na'ura. Idan muka bar aikin ga masu fasaha kaɗai, za su yanka mana haruffan Faransanci su ce Hausa ce. Aiki ga mai karatu: ka lissafa guda nawa ake buƙata domin rubuta *ƴaƴa*, *ƙwarya* da *tsintsiya*, sau ɗaya bisa harafi, sau ɗaya bisa sauti, sannan ka bayyana wace hanya za ka zaɓa wa ɗan aji ɗaya, da dalilinka.