"Likita, Kowa Ni Yake Kallo"

Ba kasafai ake shiga ɗakin ba da shawara a ce tsoron idon mutane ne ya kawo mutum ba. Da faɗuwar gaba ake zuwa, da zufar tafin hannu, da rawar murya, da ciwon kai da aka sha masa maganin maleriya da taifot har aka gaji. Sai mai wannan rubutu, wanda sauraron masu damuwa ne aikinsa, ya tambayi lokacin da abin ke tasowa, sannan zancen ya fito fili: idan malami ya ce a tashi a yi bayani, idan za a wuce majalisar samari a bakin titi, idan amarya za ta shiga gaida dangin miji.

Akwai wani matashi mahaddacin Alƙur'ani da ba ya shiga masallacin unguwarsu sai ya ji an kabbara, don kada a ce liman ba ya nan a tura shi gaba. Akwai malamar makaranta da ke zagaye mai nisa kullum don kauce wa teburin mai shayi ɗaya. Dukansu maganarsu guda ce: "Likita, kowa ni yake kallo."

An taɓa auna gaskiyar wannan magana. A 2000, Thomas Gilovich na Jami'ar Cornell da ke Amurka, tare da Victoria Medvec da Kenneth Savitsky, sun wallafa wani gwaji. Sun sa ɗalibai riga mai hoton mawaƙi Barry Manilow, wanda matasan lokacin ke ganin yayinsa ya wuce, suka tura su ɗakin da wasu ɗalibai ke zaune. Masu rigar sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen ɗakin sun gane hoton. Da aka tambayi mutanen, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka gane. A 2018 kuma Erica Boothby da abokan aikinta suka nuna cewa bayan hira da baƙo, mutane kan ɗauka ba su shiga ran abokin hirar kamar yadda suka shiga a zahiri ba.

To, amma zauren gidanmu ba ajin Cornell ba ne. A nan ana kallo, ana kuma magana. An san wadda ta maimaita atamfa a biki biyu, an san wanda akwatunan lefensa suka gaza na maƙwabci, kuma "kada a ce" ta jefa gidaje da yawa cikin bashin da ba a gama biya ba sai bayan suna. Shi ya sa mai wannan rubutu ba ya ce wa kowa babu mai kallonsa. Ƙarya ce, kuma mai damuwar zai gane. Abin da yake tambaya shi ne: "Malam, a ɗaurin auren da ka je na ƙarshe, wa ya yi tuntuɓe? Hular wa ta karkace?" Yawanci sai a yi shiru, sannan a yi dariya. Mutumin ya shafe awa biyu a wurin bai ga kowa ba, domin kansa yake gadi. Da yawa daga sauran mahalartan ma abin da suke yi ke nan.

Nan ne ainihin ciwon yake, kamar yadda David Clark da Adrian Wells na Ingila suka fayyace a 1995. Da zarar mai wannan tsoro ya shiga taro, hankalinsa ya bar mutane ya koma cikin jikinsa. Yana sauraron bugun zuciyarsa, yana jin zufa na tsattsafowa, sai ya ɗauka abin da yake ji shi jama'a ke gani. Daga nan ya shiga dabarun kare kai: ya sunkuyar da kai, ya rage murya, ya haddace abin da zai faɗa, ya zauna kusa da ƙofa, ya duƙufa kan waya. Dabarun nan su ke sa a ce yana da girman kai ko ba ya son mutane, wato abin da yake gudu tun farko. In kuma taro ya tashi lafiya, sai ya ce dabarar ce ta cece shi. Da dare ya kwanta yana tariyo kowace kalma da ya furta, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Maganin da aka fi gwadawa bai wuce juya wannan ba, sannu a hankali. A kan ba mutum aikin gida: ya je shago ya yi ciniki, ya dawo ya faɗi launin rigar mai shagon da abin da ke bayansa a kanta. A kan sa shi ya rubuta abin da yake tsoron zai faru, ya je ya aikata ba tare da dabarunsa ba, sannan a kwatanta. Wani lokaci a ɗauki bidiyonsa da waya yana magana na minti biyu. Kafin ya kalla zai rantse hannunsa na karkarwa kowa ya gani. Idan ya kalla, da ƙyar shi kansa yake gano rawar. Mahaddacin nan da ƙannensa biyu ya fara, yana ja musu salla a gida, kafin a yi zancen masallaci.

Iyaye na da rawar takawa, domin abin yakan fara ne wajen shekara 13. Kunya ado ce a wurinmu. Anthony Kirk-Greene ma ya lissafa ta cikin halayen mutumin kirki a nazarinsa na 1974. Sai dai yarinyar da ke sunkuyar da kai gaban surukai amma ta sake cikin ƙawayenta daban take da wadda ta daina zuwa Islamiyya don kada a ce ta karanta. Ta farko tarbiyya ce. Ta biyu tana shan wahala ne ana yaba mata. Haka yaron da ake kira gaban baƙi a ce "ga shi nan, ba ya magana, kamar kurma": an ƙara masa ido ne a kan waɗanda yake tsoro.

Idan tsoron ya kai wata shida yana hana karatu, sana'a ko zumunci, ya zama lalurar da ake dubawa a asibiti, ba sai mutum ya yi tsammanin jifa ko sammu ba. Haɗarin jinkiri shi ne wasu matasa kan nemi ƙarfin hali a tiramadol ko maganin tari mai kodin kafin zuwa zance ko taro, duk da haramcin da gwamnatin Najeriya ta sanya wa irin wannan maganin tari a 2018. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a jihar Sakkwato, da na Maiduguri. Wanda ya je ya gaya wa likita wuraren da abin ke kama shi da abubuwan da ya daina yi saboda shi, kada ya tsaya a faɗuwar gaba kaɗai.