Yadda Ake Shirya Walimar Gashin Kifi ta Iyali a Bakin Tekun Malaga

A birnin Malaga da ke kudancin Sifaniya, a gaɓar Bahar Rum, idan zafi ya kankama daga watan Yuni zuwa Agusta, iyalai kan fita bakin teku da yamma su hura wuta a kan rairayi su gasa kifin sadin. Wannan fita ita suke kira moraga, kifin da aka jera a tsinke kuma espeto. Da ita ake taron dangi da murnar haihuwa da tarbar ɗan da ya dawo hutu, kuma ta fi cika a daren 23 ga Yuni, daren bikin San Huwan, lokacin da gaɓar ke cika maƙil da wuta da jama'a. Hujjar da nake son kafawa a nan ɗaya ce: walimar tana yin kyau ne saboda an taƙaita ta. Kifi iri ɗaya, gishiri, itace, sai hannaye da yawa. Duk abin da aka ƙara a kan waɗannan, sai ya ci lokacin mai gida ko ya jefa cikin baƙi cikin haɗari, kuma kowane mataki da ke tafe zai nuna dalilin haka.

Matakin farko shi ne zaɓen wata da rana, kuma kifin ne ke zaɓa, ba mai gayya ba. Sadin yana zubar da ƙwai a watannin sanyi, sai ya rame. Idan ruwa ya ɗumama abincinsa ya yawaita, sai ya tara kitse, kitsen nan kuwa shi ke hana shi bushewa a gaban wuta. Shi ya sa mutanen Malaga ke cewa lokacinsa daga Mayu ne zuwa Agusta. Ranar mako ma tana da nata hukunci. Jiragen da ke kama sadin da dare suke fita, suna jawo shi da hasken fitila su kewaye shi da koma, kuma a ƙarshen mako hutu suke yi. Saboda haka kifin da za ka samu ranar Lahadi ko Litinin ya kwana, babbar kasuwar Atarazanas da ke tsakiyar birnin ma ba ta buɗewa ranar Lahadi. Sa taronka tsakanin Talata da Asabar, ka je kasuwa da safe, ka sa gayyar ta fara bayan la'asar sakaliya. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Malaga sai bayan ƙarfe tara da rabi na dare, don haka babu abin da zai sa a kai tsofaffi da jarirai cikin ranar tsaka.

Mataki na biyu, nemi izini tun da sauran kwanaki. Hura wuta a bakin teku ba tare da takardar hukumar gari ba laifi ne da ake cin tara a kansa, kuma wasu garuruwan gaɓar sun keɓe wurare, sun ajiye ƙananan jiragen ƙarfe cike da yashi don a hura wutar a ciki. Wani zai ce wannan takura ce, tunda kakannin masunta ba su nemi izinin kowa ba. Gaskiya ne, amma kakannin ba su raba gaɓar da dubban masu yawon buɗe ido da ke tafiya ba takalmi ba. Takardar tana ba ka wurin da babu mai tashin ka, kuma ita ce ke tilasta maka ka ƙidaya baƙinka tun wuri, wanda da shi za ka san yawan kifin da za ka saya.

Mataki na uku shi ne sayen kifin, kuma nan ya kamata a fi tsayawa. Nemi matsakaici, wanda bai wuce tsawon tafin hannu da yatsu ba, domin babba yakan ƙone a waje cikinsa bai nuna ba. Kada kuma ka karɓi 'yan mitsi-mitsi: dokar Tarayyar Turai ta hana kama sadin da bai kai santimita 11 ba a Bahar Rum, wanda ya saya kuwa ya taimaka wajen cinye kifin baɗi. Duba idon ya zama garau, jikin yana sheƙi, naman da tauri idan ka danna, cikin bai fashe ba, warinsa kuma na ruwan teku ne kawai. Lissafa tsinke biyu ga babba, ɗaya ga yaro, kowane tsinke da kifi biyar ko shida. Da ka biya kuɗi, zuba shi cikin kula, ƙanƙara a ƙasa, ƙanƙara a sama, kada ya fito sai lokacin gashi. Wannan ba tsanani ba ne. Sadin yana cikin kifayen da, idan suka zauna cikin zafi, ƙwayoyin cuta ke haifar da wani sinadari mai suna histamin a namansu, kuma wuta ba ta kashe wannan sinadari. Ana iya gasa kifin ya gasu sarai, a ci, cikin ɗan lokaci fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya yi ƙaiƙayi, ciki ya murɗa. Maganin abin ɗaya ne, sanyi tun daga kasuwa. To a nan fa hikimar taƙaitawa ta fara bayyana: mai kula ɗaya da kaya iri ɗaya zai iya tsare sanyinsa, amma wanda ya haɗa kifi da kaji da nama da miya, ana buɗe murfi kowane minti biyar, ƙanƙararsa ta narke kafin a kunna ashana.

Mataki na huɗu, abin haɗawa. Burodi, lemon tsami, gasasshen tattasai da aka yayyanka da albasa da man zaitun, kankana, ruwan sha mai yawa, sai gazpacho, wato markaɗen tumatir da kokwamba da tattasai da tafarnuwa da man zaitun da ake sha da sanyi. Sun wadatar. A nan ne ƙorafi mafi ƙarfi ke tasowa, kuma ban raina shi ba: yaya za a tara surukai da kawunnai a ba su kifi da burodi, ba tukunyar shinkafa, ba nama? Ai sai a ce mai gida ya yi rowa. Amsata ita ce a dubi abin da bakin teku ke yi wa dafaffen abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba cikin sanyi ba, kuma a riƙe shi ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60 a ma'aunin Selsiyos. Shinkafar da aka sauke da azahar, ta yi tafiya a bayan mota, ta zauna a kan rairayi mai zafi har magariba, ta daɗe da ƙetare wannan iyaka. Karamci shi ne baƙo ya ci mai zafi ya ƙoshi ya koma gida lafiya, kuma tsinken da aka cire daga wuta aka miƙa masa hannu da hannu ya cika wannan sharaɗi fiye da kwanuka goma da suka huce. Idan ana tsoron ƙaranci, a ƙara kifi da burodi, kada a ƙara iri. Iyalin Musulmi su lura da abu biyu idan maƙwabta 'yan gari sun kawo gudummawa: wasu miyagun sanyi na yankin, kamar porra, ana barbaɗa musu busasshen naman alade a sama, giya kuma ruwan dare ce a irin wannan taro. A tambaya cikin ladabi, kifin kansa ba shi da wata shubuha.

Mataki na biyar, wuta. Tara yashi ya yi tudu mai tsawo, ka jera itace a kansa. Itacen zaitun aka fi so a Malaga domin yana da tauri, yana daɗewa yana ci, garwashinsa kuma yana riƙe zafi. Kada ka kusanci katako mai fenti, ko roba, ko kananzir, domin kifi mai kitse yana shan duk warin da ya ratsa shi. Kunna wutar kimanin awa guda kafin gashi, har ta yi garwashi mai kyau da ɗan harshe a sama. Sannan ka tsaya ka ji inda iska ke fitowa, domin a wannan ɓangaren za ka kafa tsinkayen, iskar ta riƙa kora harshen wuta da hayaƙi nesa da kifin. Zafin da ke fitowa daga gefen wuta shi ke gasa espeto, ba harshenta ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tsire ya ga yadda yake kafa tsinkaye kewaye da tukuba ya riga ya san rabin wannan sana'a.

Mataki na shida, jera kifin, kuma nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ba a feɗe sadin, ba a cire kai, ba a kankare ɓawonsa. A barbaɗa masa gishiri mai gari-gari kawai, kamar rabin awa kafin gashi, yana nan cikin sanyinsa. Tsinken asali kara ne da aka tsaga aka fere bakinsa, tsawonsa kamar kamu guda, ko da yake yanzu da yawa sun koma na ƙarfe mai faɗi don sauƙin wankewa. Faɗin nan yana da amfani, shi ke hana kifin juyawa. Soka tsinken ta cikin kifin ya fita ta gadon baya, yana gogar ƙashin tsakiya ba tare da ya karya shi ba, kuma ka tabbata ƙashin kowane kifi yana ɓangare ɗaya na tsinken. Kafa shi a yashi, kimanin taƙi guda daga wuta, ya ɗan sunkuya wajenta, ɓangaren da ƙashin yake ya fara fuskantar zafi. Dalili kuwa shi ne ɗanyen nama yana da ƙarfin riƙe kansa, amma da ya fara nuna sai ya yi laushi. Idan ka juya tsinken, ƙashin ya koma sama ya kwanta a kan karan, shi zai ɗauki nauyin kifin. Wanda ya yi akasin haka zai ga kifinsa na zubewa cikin toka ɗaya bayan ɗaya. Mintoci kaɗan ne kowane ɓangare, uku zuwa biyar gwargwadon ƙarfin wuta. Idan fata ta yi ruwan zinariya tana tsatsar kitse, ido ya yi fari, naman ya rabu da ƙashi ba gardama, ya nuna.

Masu ƙyamar kifin da ba a feɗe ba suna da tambaya mai ma'ana, haka masu cewa ragar ƙarfe ta fi sauƙi. Barin kifin a rufe shi ke tsare ruwansa da kitsensa, ɓawo da fata kuma suna kare naman daga ƙuna, kayan cikin kuwa ba a cin su, a jikin ƙashi ake barin su. Sharaɗin dai kifin ya zama na ranar. Idan kana da shakka a kansa, feɗewa ba za ta gyara shi ba, a zubar. Raga kuma tana ɗora kifin a saman garwashi, kitse ya ɗiga, wuta ta tashi ta baƙanta shi, fata ta manne wa ƙarfe. Da hannu ake ci, a kama kai da wutsiya. Mutanen unguwar masunta ta El Palo suna ba da labarin Migel Martines Soler, wanda ya buɗe rumfar gashin kifi a can a 1882, cewa da Sarkin Sifaniya Alfonso na 12 ya ziyarci yankin a 1885 bayan wata girgizar ƙasa, ya ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu, sai mai rumfar ya nuna masa ya yi amfani da yatsunsa.

Mataki na bakwai ya kamata a yanke shi tun a gida, wato rabon aiki. Mutum ɗaya ga wuta, biyu ga jera kifi, matasa ga ɗaukar kaya da miƙa abinci, ana fara ba dattawa. Sannan a naɗa babba ɗaya wanda ba shi da aikin komai sai kallon yara, ba waya a hannunsa, a riƙa canza shi bayan kowane rabin awa. Na fi damuwa da wannan fiye da duk abin da ya gabata. A taron dangi kowa yakan ɗauka wani na kallo, yaro kuma idan ruwa ya ci shi yawanci ba ya iya ihu. A gaɓar Sifaniya tuta kore na nufin a shiga, rawaya a yi hattara, ja kada a shiga sam, kuma masu ceto sukan tashi aiki kafin moraga ta yi nisa. Don haka da duhu ya fara, wanka ya ƙare. Lambar gaggawa 112 ce. Hausawan Legas da Akara da Kwatano za su iya yin wannan gashi da kifin shawa, wanda ɗan uwan sadin ne, amma su sani igiyar Atilantika a gaɓarsu ta fi ta Malaga ƙarfi nesa ba kusa ba, yaran su tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba.

Mataki na ƙarshe, kashe wuta da ruwa, a zuba a motsa a sake zubawa har hannu ya iya kusantar tokar. Kada a binne ta da yashi, domin garwashin da aka rufe yana riƙe zafinsa na awoyi, gobe da safe ɗan wani ya taka. A kwashe ƙaya da tsinkaye da robobi a jaka a tafi da su. Kifin da ya rage ɗanye, idan ƙanƙarar kula ta riga ta narke, kada a kai shi gida.