Darasi: Malamin Da Ya Bar Birni Ya Koma Gona

Jama'a, da yawa daga cikin matasanmu suna ganin duk wanda ya yi ilimi sai ya zauna a birni. Darasinmu na wannan wata a kan wani mutum ne da ya nuna ba haka ba ne.

Sunansa Wendell Berry. An haife shi a shekarar 1934 a jihar Kentucky ta ƙasar Amurka. Iyayensa da kakanninsa mutanen karkara ne. Ya yi karatu mai zurfi, har ya zama malami a Jami'ar New York, a birni mafi yawan jama'a a ƙasar.

A shekarar 1964 ya ajiye wannan aiki ya koma jiharsu. A 1965 ya tare a wata 'yar gona mai eka 12 da ya saya a bakin kogin Kentucky. Ya ci gaba da koyarwa a jami'ar jihar har zuwa 1977, sannan ya bari domin ya riƙe noma sosai.

Gonarsa a kan tudu take. Irin wannan ƙasa ruwan sama yana saurin kwashe ta. Don haka ya bar ciyawa a gangare, yana kiwon tumaki a kai. Dawaki ya ɗaura wa garma, kamar yadda muke yi da shanun huɗa. Doki yana cin ciyawar gona, kuma yana mayar mata da taki.

Ya taɓa sa katafila ta haƙa masa tafki a gangaren tudu don dabbobi su sha. Da aka yi ruwa mai yawa, sai ƙasar ta zaftaro ta faɗa cikin tafkin. Bai ɓoye wannan asara ba. Ya rubuta ta domin wasu manoma su kiyaye.

Da fensir ya riƙa rubutu, matarsa tana bugawa a tafireta. A haka ya wallafa littattafai fiye da 40.

Kai ma da ka koyi karatu da rubutu, nemi littafi guda. Rubuta ranar ruwan shuka, da irin da ka shuka, da buhun da ka samu. Baɗi za ka duba ka gane inda gyara yake.

Tambayoyi
1. A wace shekara Berry ya bar birnin New York?
2. Me ya sa ya bar ciyawa a gangare?
3. Me ya faru da tafkin da ya haƙa?